Littafin aikin farfaɗo da wasan tanis a kwalejinmu

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Yau shugaban sashenmu ya kira ni ofis, ya ce an ɗora mini nauyin kula da wasan tanis na kwaleji daga wannan zangon karatu. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ni ƙwallon hannu na buga, tanis a littafi na san shi." Ya ce shi ma ya sani, amma ba wani a ƙasa. Na karɓa, na kuma yanke shawarar in riƙa rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita, don wanda zai gaje ni kada ya fara daga duhu kamar yadda na fara.

Ga abin da na tarar. Fili guda ɗaya na siminti a bayan ɗakin kwanan ɗalibai maza, ya tsage a wuri uku, ciyawa ta fito ta bushe a cikin tsagar. Turakun raga suna nan, ɗaya ya karkace. Raga babu. A sito akwai raket biyar: biyu igiyarsu ta tsinke, ɗaya ya tsage a wuya, biyu ne kawai za a iya bugawa da su. Ƙwallaye goma sha ɗaya, duk gashinsu ya kaɗe. Mai horarwa babu, kuma a cikin ma'aikatan ofishin wasanni ba wanda aka ɗauka don tanis.

Asabar, 18 ga Janairu

Na fita da tef tun da sassafe, hazo ya rufe ko'ina, sanyi na shiga ƙashi. Tsawon filin ya cika mita 23.77 kamar yadda ƙa'ida ta ce, faɗinsa 10.97 na wasan biyu-biyu, 8.23 na ɗaya-ɗaya. Wanda ya gina shi ya san aikinsa. Lalacewar ta rashin kulawa ce.

Ina cikin awo sai wani dattijo ya tsaya da kekensa a bakin waya yana kallona. Ya yi sallama, muka gaisa, sai ya ce, "Malam, turken nan ba gyara shi za ka yi ba, tono shi za a yi a sake kafa shi. In ka ja raga a haka, tsakiyarta ba za ta zauna ba." Na tambaye shi ko ya san wasan. Ya yi murmushi ya ce tun yana yaro yake tsintar ƙwallo a wani kulob a cikin gari, a nan ya koyi bugu, ya koyi saƙa igiyar raket, daga baya ya koya wa 'ya'yan ma'aikata da yawa. Yanzu faci yake yi a wajen Ƙofar Ƙaura, nan Katsina. Ya ce tsayin raga a tsakiya ƙafa uku ne, a bakin turke uku da rabi. Na duba takardata: santimita 91.4 da mita 1.07. Daidai.

Na ba shi ɗaya daga cikin raket biyun nan, ya buga wata tsohuwar ƙwallo a bangon ɗakin kwana sau wajen ashirin, bai matsa daga inda yake tsaye ba. A cikin littafin nan zan riƙa kiransa Baba, don haka nake kiransa.

Laraba, 22 ga Janairu

Na miƙa takardar neman kuɗi ga Daraktan Wasanni. Jimla naira 920,000: gyaran fili 250,000, raket 150,000, ƙwallaye 120,000, raga 85,000, tafiye-tafiye 75,000, sai alawus ɗin mai horarwa na wata shida a kan 40,000 duk wata, wato 240,000. Na ja layi a ƙarƙashin na ƙarshen.

Juma'a, 24 ga Janairu

An ce mini akwai ɗan hidimar ƙasa, wato kofa, a ɗakin karatu, ɗan Ibadan, wanda ya buga tanis a jami'a. Na same shi, ya amince zai riƙa zuwa da yamma sau uku a mako. Zai gama hidimarsa a watan Yuni. Na liƙa sanarwa, ɗalibai 23 suka rubuta suna, biyar mata.

Alhamis, 30 ga Janairu

Takarda ta dawo. An amince da 400,000. Ragin bai dame ni ba sosai, na san haka ake yi, kuma kuɗin wasanni da ɗalibai ke biya a rajista ba su taka kara sun karya ba, ga ƙwallon ƙafa na cinye kaso mafi tsoka saboda shi ne mai jama'a. Abin da ya sanyaya mini gwiwa shi ne layin alawus an soke shi gaba ɗaya da jan biro.

Na koma wurin Darakta. Mutumin kirki ne, bai ɓoye mini komai ba. Ya ce, "Malam, kuɗin nan na sayen kaya ne. Ka sayo, ka kawo rasit, a rufe lissafi. Mutumin da ba ma'aikacinmu ba, ba mu da layin da za mu biya shi ta ciki. Ɗaukar ma'aikaci kuwa ba a hannuna yake ba." Na ce to wa zai koyar da yaran? Ya ce ga kofa nan. Na ce kofa zai tafi a Yuni. Ya ce Allah zai kawo wani.

Na fito ina tunanin raket ukun nan da ke kwance a sito. Su ma wani ne ya sayo su da kuɗin kwaleji, ya kawo rasit, aka rufe lissafi. Da aka rasa mai tsayawa a fili kullum da yamma, sai suka koma sito. Abin da nake tsoro ke nan, in sayo sababbi su je su tarar da tsofaffin.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Kuɗi sun shigo ranar Alhamis. Yau ni da kofa muka yi sammakon Kano, muka wuni a Sabon Gari. Raga 78,000. Gwangwanin ƙwallo shida, kowanne uku a ciki, a kan 9,500, wato 57,000. Raket na gwanjo huɗu, 18,000 kowanne, 72,000. Sabo ɗaya mai kyau zai iya cinye kuɗin huɗun. Naɗin igiya mai mita 200 a kan 38,000. Baba ya ce raket ɗaya na cin wajen mita goma sha biyu, don haka naɗin zai yi mana raket goma sha shida. Kuɗin mota da abinci 16,000. An kashe 261,000, saura 139,000.

Mai gwanjon ba shi da rasit, ya rubuta mini a takardar littafi ya sa hannu da lambar shagonsa.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Kwana uku ana gyaran fili. Siminti buhu huɗu 39,200, yashi da ruwa 14,000, magini da yaronsa 25,000, fentin layi da buroshi 31,000. An tono turke an sake kafa shi. Jimla 109,200. Saura 29,800.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Facin ya tashi. Wurare biyu cikin ukun sun sake tsagewa, a ɗaya ma simintin ya ɓamɓare kamar ɓawon gyaɗa, ana ɗaga shi da yatsa.

Laifin nawa ne da na magini, amma nawa ya fi yawa. Baba ya faɗa mini tun ranar farko: "Malam, iskar hunturu na shanye ruwan siminti kafin ya kama. A yi masa mako guda ana jiƙawa safe da yamma, a rufe shi da buhu, kada kowa ya taka." Ni kuma ɗalibai suna ta tambaya yaushe za a fara, ga azumi na matsowa, sai na bari aka shafa fenti a kwana na biyu, aka fara bugu a na huɗu. Ruwan da aka zuba sau biyu ne kacal, don famfon wajen bai kawo ba, kuma na ji tsadar kiran mai kura. Shi kuma magini bai fafe tsagar ya zurfafa ta ba, ya share ƙura sama-sama ya liƙa sabon siminti a kan tsoho. Da na nuna masa, sai ya ce kuɗin da na ba shi na liƙi ne, ba na sara ba. Ban yi jayayya ba, don ban tambaye shi bambancin ba tun farko.

Baba bai ce "na faɗa maka" ba. Ya durƙusa ya ɗauki ɓallin simintin ya murza shi, ya zama gari a hannunsa, ya ce a nemo kurfi da guduma, shi zai tsaya a kan aikin.

Asabar, 22 ga Fabrairu

An sake. Buhu biyu 19,600, magini 8,000. Saura naira 2,200 a kuɗin kwaleji. Kuɗin mai kura na mako guda ni na biya. Ɗalibai huɗu sun ɗauki nauyin jiƙawa bi da bi. Kafin fili ya bushe ana atisaye a bango.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Ƙarshen wata. Baba ya zo sau goma sha shida a watan nan, duk zuwa yana rufe wurin facinsa tun la'asar. Na ba shi 15,000 daga albashina. Ya ƙirga, ya dube ni ya ce, "Malam, wannan na kwaleji ne ko naka?" Na yi shiru. Ya ce, "Allah shi saka da alheri. Amma ka san ba za ka iya haka kullum ba, kai ma kana da iyali." Na san gaskiya ya faɗa. Mafi ƙarancin albashi da doka ta tsayar tun Yulin 2024 naira 70,000 ne, ni kuma ina miƙa wa dattijo 15,000 ina jin kunya, shi yana jin nauyina.

Cikin 23 da suka rubuta suna, 12 ne ke zuwa.

Talata, 4 ga Maris

An kama azumi ranar Asabar. Mun mayar da atisaye ƙarfe shida da rabi zuwa bakwai da rabi na safe, kafin rana ta ɗaga. Da akwai fitila a filin da bayan tarawihi za mu yi, yadda 'yan ƙwallon ƙafa ke yi a unguwanni, amma wannan ba maganar bana ba ce. Bakwai suka zo. Fili ya kama, layi ya fito, raga ta zauna. Wannan ne karo na farko da na ga ɗalibanmu sun buga wasa cikakke har ana ƙirga maki.

Alhamis, 13 ga Maris

Maganar 'yan mata. Biyar suka rubuta suna, tun makon farko uku suka daina zuwa, yanzu biyun ma sun ce za su dakata. Na tambayi ɗaya a bayan lacca. Ta ce, "Malam, ba wasan ne ba ma so ba. Filin yana bayan ɗakin maza, suna leƙowa ta taga, kuma ba mace ko ɗaya a wurin sai mu." Ban taɓa lura ba, ga shi kuwa a fili. Duk lissafin da na yi na ma'aikata, ban sa mace a ciki ba.

Na roƙi wata Malama a sashenmu, ta ce bayan Sallah za ta riƙa zama da su Talata da Alhamis, kuma a ware musu awa ɗaya su kaɗai. Ita ma kyauta za ta yi. Tufafi ba matsala ba ne, dogon wando da riga mai faɗi da ƙaramin hijabi sun wadatar. Ina neman wanda zai ba mu zana ko tsohon tamfol a kare gefen da ke fuskantar tagogin. Ba tare da mata ba, ko an kira wasannin kwalejojin ilimi na NICEGA, rabin wasannin ba za mu shiga ba, har da na namiji da mace a gefe ɗaya.

Asabar, 15 ga Maris

Ƙwallaye sun fara mutuwa. Simintinmu kaushi gare shi, yana cin gashin ƙwallo cikin atisaye uku ko huɗu, ga ƙura. Sannan ƙwallon gwangwani iska ce matse a cikinta, da an buɗe murfi take fara sacewa, bayan 'yan makonni sai ka ga ba ta tashi yadda ya kamata. Kofa ya ce da mun sayi irin waɗanda ba su dogara da matsin iska ba, masu kaurin roba, sun fi nauyi kaɗan amma suna daɗewa a atisaye. Ya ce ya so ya faɗa a Kano, ya ga na riga na yi ciniki. Na ce masa nan gaba ya faɗa ko da na biya. Gwangwani biyu suka rage ba a buɗe ba, na kulle su sai ranar wasa.

Laraba, 19 ga Maris

Na zauna na kalli Baba yana saƙa raket a ƙarƙashin darbejiya. Ba shi da inji. Basilla biyu gare shi da wani ɗan katako mai santsi da ya ce ya girmi wasu malaman kwalejin. Yakan zura igiya, ya naɗe ta a katakon, ya murɗa yana ja har jijiyar hannunsa ta fito, sai ya soka basilla a ramin ta riƙe, ya wuce rami na gaba. Idan ya gama na tsaye ya koma na kwance, ɗaya sama ɗaya ƙasa kamar saƙar tabarma. A ƙarshe ya bugi igiyar da tafin hannu ya kai kunne. Idan sautin bai yi masa ba sai ya kwance layi biyu ya sake. Kusan awa biyu raket ɗaya, da azumi a bakinsa. Kofa ya ce ƙarfin jan bai kai na inji ba, kuma Baba bai musa ba, ya ce don koyo ya isa.

Yana aikin yana ba yaran labarin Nduka Odizor, ɗan Najeriya da ya kai zagaye na huɗu a babbar gasar tanis ta Wimbledon a Ingila a 1983, da gasar Dala da ake yi a Kano, wadda ya ce ya sha zuwa kallo. Ya ce Katsina garin doki ne da folo tun zamanin Sarki Dikko da Sarki Usman Nagogo, shi ya sa 'yan tanis ba su taɓa yawa ba, amma ba su taɓa ƙarewa ba. Ɗalibi ɗaya ya nemi ya koya masa saƙar. Na ji daɗin wannan fiye da komai a makon nan.

Raket tara muke da su yanzu, takwas suna aiki.

Alhamis, 27 ga Maris

Na kai lissafin 400,000 ofishin kuɗi. Mai bincike ya dawo da takardar mai gwanjo ta 72,000 da kuɗin mota, ya ce ba rasit ba ne. Na kai raket ɗin huɗu ofishinsa ya gani, aka sa mai sito ya shigar da su littafi ya buga musu lamba, sannan aka karɓa. Na mota an ce in rubuta takardar shaida Darakta ya sa hannu. Kwana biyu a kan wannan.

Kofa ya zo da fara'a, alawus ɗinsu ya tashi daga 33,000 zuwa 77,000. Na taya shi murna. Na ba Baba 15,000 na Maris da ɗan abin Sallah.

Asabar, 5 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Lahadi. Yau muka buɗe ajin yara na safiyar Asabar, don 'ya'yan ma'aikatan da ke zaune a gidajen kwaleji. Shawarar kofa ce: kowane yaro 3,000 a wata, kuɗin su tafi ga Baba. Yara goma sha huɗu suka zo. Mun raba filin a kwance, faɗinsa ya zama tsawon ƙaramin fili, muka ɗaura igiya a madadin raga. Matattun ƙwallayen nan sai ga su sun yi amfani, don ba sa tashi sama da kan yaro ɗan shekara bakwai. Iyaye tara suka biya nan take, 27,000.

Litinin, 14 ga Afrilu

An kira ni ofishin kuɗi. Wani ya kai magana cewa ina karɓar kuɗi a filin kwaleji. Hajiyar da ke riƙe da sashen kuɗin shiga ta zaunar da ni ta yi mini bayani cikin mutunci: duk abin da aka karɓa da sunan kwaleji ko da kayanta, sai ya shiga asusun kwaleji, a ba da rasit na hukuma. Ta ce, "Malam, na san ba ci kake yi ba, ɗana ma yana cikin yaran. Amma ranar da masu bincike suka zo daga waje, ba za su tambayi niyyarka ba." Na ce idan kuɗin suka shiga asusu, ta yaya za su fito su kai ga Baba? Ta ce nan ne gizo ke saƙar, don in sun shiga sun zama kuɗin shiga na kowa, kuma har yanzu ba layin biyan wanda ba ma'aikaci ba.

Na dawo inda na tsaya a Janairu. Raina ya ɓaci, ba da ita ba, don dokar tana da dalili, na san abin da ake gudu. Abin da ya ci mini rai shi ne akwai hanya a rubuce ta sayen raga, da ta sayen fenti, da ta shigar da raket a sito a buga masa lamba, amma mutumin da ya sa duk waɗannan suke aiki ba shi da gurbi a kowace takarda.

Na mayar wa iyaye tara kuɗinsu a ambulan, na dakatar da karɓa. Ajin bai tsaya ba.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Malama ta fara zama da 'yan mata. Huɗu suka dawo. Wani ma'aikacin sashen ayyuka ya ba mu tsohon tamfol, an ɗaura.

Zafi ya kai inda ya kai. Siminti na ƙona tafin takalmi har bayan la'asar, mun koma ƙarfe biyar.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Iyayen yaran sun zauna da kansu a gidan ɗaya daga cikinsu, ba ni a wurin. Sun kafa ɗan kwamiti na mutum uku, su za su tara kuɗinsu, su biya Baba hannu da hannu a matsayin mai koya wa 'ya'yansu, kamar yadda suke biyan malamin da ke zuwa gida. Sun rubuta wa hukumar kwaleji neman izinin amfani da fili ranar Asabar, da alkawarin sayen gwangwanin ƙwallo ɗaya duk wata su ba sito. Hajiya ta duba takardar ta ce in an sa hannu, ba ruwan ofishinta. Ni ba zan taɓa kuɗin ba, kuma hakan ya fi mini.

Asabar, 26 ga Afrilu

Wasan sada zumunci na farko. Baba ya gayyato mutum huɗu daga cikin waɗanda ke bugawa a gari, ma'aikata ne, biyu sun haura hamsin. An yi wasa shida, muka ci ɗaya. Yaranmu sun fi su gudu nesa ba kusa ba, amma sabis, wato bugun fara wasa, ya kashe mu: a wasa ɗaya na ƙirga kuskuren sabis biyu a jere har sau tara. Su kuwa dattawan tsayawa suke su ajiye ƙwallo inda suke so. Wanda ya ci mana shi ne yaron da ke koyon saƙa. Ruwa da lemo da ƙanƙara 9,000, ni da Malama muka raba. An buɗe gwangwani biyun ƙarshe.

Ɗaya daga cikin baƙin, tsohon ɗalibin kwalejin nan ne ashe, ya ja ni gefe ya ce me muka fi buƙata, zai iya kawo raket sababbi biyu. Na ce, "Alhaji, in za ka taimaka, ka bar raket. Ka ɗauki alawus ɗin Baba." Ya yi jim, ya ce raket sau ɗaya ake saya, alawus kuwa kullum ne. Na ce shi ya sa nake roƙonsa a kansa. Ya ce zai ɗauki 10,000 duk wata har ƙarshen shekara, ta hannun kwamitin iyaye.

Laraba, 30 ga Afrilu

An sa hannu a takardar iyaye. Baba ya karɓi 30,000 daga gare su, yara goma ne suka biya, da 10,000 na Alhaji. Dubu arba'in, adadin da na rubuta a Janairu aka soke. Sai dai wannan kuɗin ajin yara ne da kyauta. Horar da ɗaliban kwaleji sau huɗu a mako har yanzu ba mai biyansa a kai.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na samu ganin Shugaban Kwaleji, minti goma, tare da Darakta. Na kai masa takarda shafi ɗaya: ɗalibai 15 masu zuwa a kai a kai, huɗu mata, yara 14, raket takwas masu aiki, abin da aka kashe da abin da ya rage. Buƙata biyu na gabatar. Ta farko, a sa Baba cikin ma'aikatan wucin gadi na sashen ayyuka a matsayin mai kula da fili, tunda wannan layin akwai shi, kuma shara da jiƙa da gyaran raga dama shi ke yi. Ta biyu, a rubuta wa ofishin hidimar ƙasa na jiha a nemi a turo mana wanda ya iya tanis idan sabon rukuni ya zo.

Ya ce ta biyun a rubuta yau ya sa hannu. Ta farkon ya ce shekarun Baba za su iya zama matsala, amma a kai wa Magatakarda ya duba, kuma ba zai yi alkawarin abin da bai gani a kasafi ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, na gode." Darakta ya ce mini a hanya in riƙa bibiya duk mako, kada takarda ta kwanta.

Asabar, 17 ga Mayu

Kofa saura masa mako uku ko huɗu. Na roƙe shi ya rubuta tsarin atisayen da yake bi, mako-mako, ni zan mayar da shi Hausa don Baba da ɗalibai biyu da muka zaɓa su riƙa jan na baya. Ya kawo shafi shida. Yaron nan ya gama saƙa raket ɗinsa na farko shi kaɗai, Baba ya kwance layi uku ya ce ya sake.

Igiya ta rage ta raket bakwai. Ƙwallaye masu rai guda biyar, har da gwangwanin da iyaye suka kawo. A asusun kwaleji naira 2,200.

Kafin damina ta kankama akwai aiki biyu: kusurwar gabas ta filin ta ɗan lotsa, Baba ya ce ruwa zai kwanta a wurin ya shiga ƙarƙashin sabon facin, sai an sare ɗan magudani, magini ya ce 12,000. Sannan a riƙa kwance raga ana shigar da ita sito duk dare. Takardar kasafin zango mai zuwa na fara ta, layin farko alawus ɗin mai horarwa ne da na mai kula da 'yan mata, sai ƙwallayen atisaye masu kaurin roba guda sittin. Ranar Litinin zan koma ofishin Magatakarda.